Babana ya ce na sayar da bakina

Wasiƙar wannan mako daga wani saurayi take, kuma na ɗan taƙaita ta:

"Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 22, ɗan gidan mabusa ne ni. Kakana algaita ya busa wa sarkinmu, Baba ma ita yake busawa, ni kuma tun ina ƙarami aka ɗora ni a kanta. Bara na shiga wata ƙungiyar badujala a garinmu, aka ba ni turamfet, ina fatan in samu aiki da ita nan gaba. Tun da na fara malaminmu ke ce min ombushata ba ta da kyau. Na ji nauyin tambayarsa, sai na tambayi wani abokina da ya koyi busa a Maraɗi, ya ce ai ambushur shi ne ɗan ƙarfen nan da ake kafa wa baki. Na tara kuɗi na sayi wani na hannu, amma malam bai daina faɗa ba. Yanzu leɓena na sama ya kumbura, ya tsage a tsakiya, in na yi minti goma ina busa sai sauti ya ɗauke. Rannan na ɗauki algaita a gaban Baba, iska ta riƙa zurarewa ta gefen baki. Ya karɓe ta, ya ce na sayar da bakina, taura biyu ba ta taunuwa. Tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Gwaggona kuma ta ce hannu aka sa min. Ga azumi ya kama, ga hawan Salla na tafe, ga gwajin da za a yi mana wata biyu bayan Salla. Kawu, wacce zan bari?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin mu kai ga wacce za ka bari, ka mayar da turamfet ɗin nan cikin akwatinta yau ɗin nan, kada ta sake taɓa bakinka sai tsagar ta rufe ruf, kumburin ya sace. Wannan shi ne na gaggawa. Sauran duk za su jira, amma leɓen da ake busawa a kan ciwo ba ya jira, tabo yake yi, kuma tabo a tsakiyar leɓen sama abu ne da mabushi ke iya ƙare rayuwarsa yana fama da shi.

Abokinka bai yi maka ƙarya ba, malaminka ma ba shirme yake faɗa ba. Kalmar nan ta ombusha, ko ambushur, ta Faransanci ce, daga kalmarsu ta baki aka ciro ta, kuma a bakin masu jin Faransanci, irin mutanen Nijar da Cadi da Kamaru, ma'anarta ta farko a harkar busa ita ce wannan ɗan ƙarfen mai kama da mazurari da ake cusawa a kan turamfet. Da ta shiga Turancin Ingila sai ta koma nufin yadda mabushi ke saita leɓɓansa da haƙoransa da haɓarsa da naman fuskarsa a kan abin busa. Ma'ana ta biyun ce malaminka yake nufi. Shi yana maganar bakinka, kai ka je ka sayo wa turamfet baki. Mabusan Jamus suna da tasu kalmar, anzats, mai nufin ɗorawa ko kafawa. Mabusan kiɗan jaz na Amurka kuwa da muƙamuƙi ko leɓe kawai suke kiran abin. Mahaifinka bai wahalar da kansa ba, baki ya ce, kuma duk abu ɗaya ake zagayawa. Ni zan kira shi zaman baki a nan, don mu fahimci juna.

Na ga laifin malamin naka, ba zan ɓoye ba. Shekara guda yana jifan ɗalibi da kalma, bai taɓa jawo shi gefe ya ce ga inda ka karkace ba. Kai ma kunyarka ta ja maka asarar kuɗi da ciwo. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ka tuna mahaifinka a ranar hawa, ka dube shi da kyau. Ya cusa ɗan harshen algaitar gaba ɗaya cikin baki, leɓɓansa ba sa taɓa shi. Abin da leɓɓan ke yi kawai shi ne su manne da wannan ɗan faifan da ke ƙasa da harshen, su toshe hanya kada iska ta tsere. Kumatunsa sun cika sun yi tim, jijiyoyin wuya sun miƙe, hancinsa na buɗewa yana rufewa, sauti kuma bai yanke ba tun daga ƙofar fada har filin idi. Abin da ke faruwa shi ne ya mai da kumatunsa rumbun iska: yana matse su suna tura iska cikin algaita a daidai lokacin da yake jan sabuwa ta hanci. Harshen ne ke karkarwa shi kaɗai a cikin kogon baki, shi ke haifar da sautin. Haka ake busa 'yan'uwanta duka, gaita ta Maroko, mizmar ta Masar, zurna ta Turkiyya. A wannan busa kumburin kumatu ba aibi ba ne, shi ne aikin, danna leɓe a kan faifai ma daidai ne, domin faifan shimfiɗaɗɗe ne, yana raba nauyin a kan baki duka.

Turamfet ba ta da harshe. Leɓɓanka su ne harshenta. Idan ka busa, tsakiyar leɓɓan ne ke buɗewa suna rufewa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, ƙarfen kuma ya karɓi wannan karkarwa ya ƙara mata amo. Don haka take son tsakiyar leɓe a sake, mai laushi, jini na gudana a cikinsa, gefunan baki biyu kuma a ɗaure daram, kumatu a lafe da haƙora, haɓa a miƙe ba a dunƙule ba. Akwai wani nama da ya kewaye baki kamar zobe, shi da naman kumatu su ke riƙe wannan tsari, kuma kamar kowane nama a jiki, yana gajiya, yana son hutu, yana ƙarfi a hankali.

To yanzu ka haɗa biyun ka gani. Ka zo wa turamfet da bakin da ya shekara goma sha wani abu yana busa algaita. Da ka ja numfashi, kumatu suka cika da kansu, ba sai ka umarce su ba. Da suka cika, sai suka janye gefunan bakinka waje, leɓɓan suka rasa madogara, sauti ya ƙi fita. Me hannunka ya sani? Abin da ya saba yi da algaita: ya danno ƙarfe kan baki. Sautin kuwa ya fito, domin dannawa tana matse leɓe ta ba da sauti na ɗan lokaci. Sai dai wannan karon ba faifai ne shimfiɗaɗɗe ba, ɗan siririn zobe ne na ƙarfe, bayansa kuma haƙora. Leɓenka na sama ya shiga tsakanin ƙarfe da haƙori, kullum, wata da watanni. Jini ya daina isa wurin yadda ya kamata, ya kumbura, kumburarren leɓe ba ya karkarwa, sai ka ƙara dannawa, shi kuma ya ƙara kumbura. Minti goman da kake yi sauti ya ɗauke, wannan ne. Ka je gaban madubi ka ɗaga leɓen ka duba cikinsa. Ina kyautata zaton za ka ga shatin haƙoranka biyu na gaba a kwance a jikin naman, wataƙila har da ɗan fari-fari inda fata ta saɓule.

Iskar da ta zurare a gaban mahaifinka kuma ba wani abin tsoro ba ce. Leɓen da ya kumbura ba ya manne wa faifai daidai, naman da ya gaji kuma ba ya toshe hanya, ga faɗuwar gaba ta busa a gaban uba. Abin da ka koya tun kana yaro yana nan bai je ko'ina ba. In baki ya warke, za ka same shi inda ka bar shi.

Game da maganar gwaggonka, ka girmama ta, ƙauna ce ta sa ta faɗa. Ka riƙe addu'a da azkar ɗinka na safe da yamma, wannan ba ya ɓaci. Amma ciwon da sanadinsa ke bayyane a madubi ba ya bukatar a je neman mai laifi a cikin dangi ko abokan sana'a. Na sha ganin zargi irin wannan ya raba gidajen da suka yi shekaru suna cin tuwo a akushi ɗaya. Kada ka bari a buɗe wannan ƙofa da sunanka.

Jinyar ba ta da wuya. Tsaga ƙarama takan rufe cikin mako ɗaya zuwa biyu in an ƙyale ta. Azumi yana busar da leɓe, saboda haka ka yawaita shan ruwa tsakanin magariba da sahur, ka shafa man kaɗanya mai tsabta bayan shan ruwa da lokacin kwanciya, ka daina lasar leɓe da rana, domin yawu in ya bushe ƙara tsaga shi yake yi. Kada ka sa man zafi, kada ka ɓantare ɓawon da ya fito, kada kuma ka yarda wani ya ce zai tsaga maka ya fitar da mataccen jini. Shi kuma ƙarfen da ka saya na hannu, ka kai shi haske ka duba bakinsa. In farin rufin da ke kansa ya goge har jan ƙarfen ciki ya bayyana, ko akwai wani ɗan kaifi ko lotsawa a gefen, ka ajiye shi. Tagullar da ta fito fili tana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje a leɓe. Na farkon da aka ba ka, in lafiyarsa ƙalau, ka koma masa. Yawancin masu koyo da matsakaici suke farawa, irin wanda aka rubuta wa 7C a jiki, kuma ya ishe ka shekaru. Ka wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi, kada ka riƙa aron na wani ko ba da naka, ƙurajen zazzaɓi na leɓe ta nan suke yawo a cikin 'yan badujala. Ka kuma shafa harshenka a kan haƙoranka na gaba. In akwai wanda ya ɓalgace yana da kaifi, likitan haƙori zai goge shi cikin 'yan mintoci. Wushirya kuwa ba ta hana busa.

Asibiti ya zama dole in ciwon ya wuce mako uku bai rufe ba, ko ka ji wani ƙulli mai tauri a cikin leɓen, ko wurin ya mutu ba ka jin taɓawa kwana da kwanaki bayan ka daina busa. In kuwa ka wayi gari gefen fuska ya saki, ido ɗaya ba ya rufuwa, ruwa na zuba ta gefen baki, wannan a ranar ake zuwa, ba a kwana.

Ina matsa maka a kan hutun ne saboda abin ya ci manya. Louis Armstrong, shahararren mai busa turamfet na Amurka wanda ya zo Najeriya a 1960, mai danna ƙarfe ne ƙwarai, leɓensa ya sha fashewa a kan dandamali, har a tsakiyar shekarun 1930 sai da ya ajiye busa na watanni, kuma bai rabu da matsalar leɓe ba har rasuwarsa a 1971. Freddie Hubbard, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfin busa a zamaninsa, leɓensa na sama ya tsage a 1992, ya ci gaba da busawa a kai, ciwon ya ruɓe, kuma har ya rasu a 2008 bai koma yadda yake ba. Waɗannan suna da suna da kuɗi da likitoci. Kai leɓen nan shi ne jarinka gaba ɗaya, na algaita da na turamfet.

Idan ka warke, ka koma kamar sabon shiga, kada ka ji kunyar haka. Ka tsaya gaban madubi, ka haɗa leɓɓa kamar za ka ce "im", haƙora a ɗan buɗe a ciki, ka ɗaure gefunan baki kaɗan ba tare da ka yi murmushi ba. Ka ɗora ƙarfen a hankali, iya nauyin da zai hana iska fita, ka busa sauti ɗaya na tsakiya, mai sauƙi, a hankali, ka ja shi. Idonka na kan kumatu. Da sun fara tashi, ka tsaya, ka sauke, ka sake. Ranakun farko minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a yini, kuma a azumi bayan tarawihi ya fi, lokacin da jiki ya sha ruwa. Ƙa'idar da mabusa suka yarda da ita ita ce ka huta gwargwadon yadda ka busa: in ka yi rabin minti kana busa, ka cire ƙarfen daga baki rabin minti. Ka fitar da ƙaramin yatsanka na dama daga wannan ƙugiyar da ke saman turamfet, ka ɗora shi a kanta kawai, domin da shi ake jawo ƙarfe kan baki ba a sani ba. Hannun hagu ma ya riƙe, kada ya ja. Sautukan sama ka manta da su tukuna. Ba da dannawa ake hawa ba, da saurin iska ne da ɗaga bayan harshe, kamar mai cewa "aa" ya koma "ii". Za su zo da kansu. In ka sauke ƙarfe ka ga ɗan jan zobe a leɓe wanda ya ɓace cikin 'yan mintoci, ba komai. In ya yi fari, ko ya yi zurfi, ko ya kai awa yana nan, ka danna da yawa, busar ranar ta ƙare.

Makonnin farko sautinka zai fi na da muni. Siriri zai fito, mai iska-iska, har yaran da ka riga shiga su fi ka. A nan ne mutane da yawa ke karaya su koma tsohuwar hanya, domin ita tana ba da sauti nan take. Ka daure. Canjin zaman baki aikin watanni ne.

Sai ka je wa malaminka, ba a gaban 'yan'uwanka ɗalibai ba. Ka gaishe shi, ka gaya masa gaskiya cewa kai ɗan algaita ne, mai yiwuwa ma bai sani ba, kuma da ya sani da tuni ya gane abin da yake gani. Ka ce masa, "Malam, ina so ka nuna min abu ɗaya da zan fara gyarawa, kumatu ne, haɓa ce, ko inda nake ɗora ƙarfen?" Abu ɗaya, ba biyar ba. Ka roƙe shi ya busa kana kallon bakinsa kusa da kusa. In ya ce lallai sai ka matsar da ƙarfen sama ko ƙasa da inda ya saba zama, ka nemi ya bari sai bayan gwaji, domin wannan shi ne canjin da ya fi rikita mabushi, kuma ko manyan malamai ba su haɗu a kansa ba. Arban, Bafaranshen da littafinsa na 1864 har yau ake koyar da masu turamfet da shi, ya fi son kashi ɗaya cikin uku a leɓen sama, biyu a na ƙasa, amma shi da kansa ya ce babu doka ɗaya, ya danganta da bakin mutum da haƙoransa. Wasu malaman akasin haka suka koyar. Abin da bai kamata ba kawai shi ne bakin ƙarfen ya zauna a kan jan naman leɓen sama. Wani zai kawo maka misalin Dizzy Gillespie, mai busa turamfet na Amurka, wanda kumatunsa ke cika kamar na mahaifinka kuma duniya ta sallama masa. Gaskiya ne, amma shi ɗaya ne cikin dubbai, kuma kai naka leɓen ya riga ya ba ka amsa.

Ka kuma san cewa ba hannu rabbana ka zo wa turamfet ba. Numfashin nan marar yankewa da ka iya tun kana yaro, ƙwararrun mabusa a Turai da Amurka sai sun girma suke zama su koye shi da wahala, wasu ma ba sa iyawa. Kana da huhun da ya saba aiki, kana da kunnen da ya tashi cikin take, ka san tsayuwar yini a rana ana busa. Gidanku ne ya ba ka waɗannan, kuma su za su ɗaga ka sama da sa'o'inka in bakin ya zauna.

Yanzu maganar mahaifinka, wadda a wurina ta fi duk abin da na faɗa nauyi.

Da ya ce ka sayar da bakinka, ba leɓe yake nufi ba. Ka sa kanka a matsayinsa. Mutum ne da ya gaji abu daga ubansa, ya san taken sarki da na kowane hakimi, ya san wanda ake busawa in sarki ya fito da wanda ake busawa in ya sauka, abubuwan da ba a rubuce suke ba, a kansa suke da yatsunsa. Ya ɗora ɗansa a kai, ya ga ya kama, hankalinsa ya kwanta cewa in ya faɗi akwai mai ɗauka. Sai ga ɗan ya ɗauki algaita a gabansa iska na zurarewa. Abin da ya gani a wannan lokacin shi ne ƙarshen gidan. Tsoro ne ya fito masa a siffar faɗa, kuma dattawanmu ba su saba cewa "ina jin tsoro" ba. Shirun da yake yi maka ma ba ƙiyayya ba ce, jira yake ya ga ko za ka dawo da ƙafarka.

Kuma a kan taura biyu, yana da rabin gaskiya. Yadda ka haɗa su, ba hutu, ba wanda ya bambanta maka bakin wannan da na waccan, ba su taunu ba, ga shaida a leɓenka. Amma mutum ɗaya na iya riƙe zaman baki biyu in ya san biyu ne. Akwai mabusa da yawa a duniya da ke haɗa abin busa mai harshe da na leɓe, kuma naka ma ya fi sauƙi, domin algaita ba ta neman tsakiyar leɓe ya yi aikin komai.

Kada ka je masa da wannan bayani kamar mai kare kansa a kotu. Ka je da daddare bayan ya ci abinci ya huta, ka durƙusa ka ba shi haƙuri a kan ɓacin ran da ka jawo masa, ka nuna masa ciwon ya gani da idonsa. Mabushi ne, ya san ciwon baki. Ka gaya masa ba ka bar algaita ba kuma ba za ka bar ta ba. Sannan ka roƙe shi abin da na tabbata ya daɗe yana jira: ya zauna ya bi da kai taken da ba ka gama riƙewa ba, ɗaya bayan ɗaya, da sunan mai shi da kirarin da ke ƙarƙashinsa. Wannan ba ya bukatar leɓe, a makonnin jinyar nan za ka iya yi, shi yana busawa kai kana bi da yatsu. In ya yarda, ka ɗauka a waya ka adana. In kana jin nauyin fara maganar, ka bi ta wajen mahaifiyarka ko wani amininsa a cikin mabusan fada, su share maka hanya.

A cikin mabusan fadar ma akwai wanda nake so ka nema, mai kakaki. Kakaki da farai da ƙaho duk da karkarwar leɓe ake busa su, dangin turamfet ne na jini, bambancin kawai turamfet tana da maɓallai uku da ke ba ta sautuka da yawa, kakaki kuwa akasari biyu yake bayarwa. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake busa kakaki a fada. Ka ga busar leɓe ba baƙuwa ba ce a ƙofar sarki, ta fi shekara ɗari biyar a nan. Mai kakakin garinku ya san yadda leɓe ke gajiya da abin da suke yi masa, kuma in shi ya ce wa mahaifinka yaron nan bakinsa bai lalace ba, gajiya ce, maganarsa za ta shiga inda tawa da ta malaminka ba za su shiga ba.

Ga yadda nake ganin tsarin watannin nan. Rabin farko na azumi, ba busa ko kaɗan, sai jinya da zama da Baba. In leɓe ya rufe, algaita ce za ta fara dawowa, kaɗan-kaɗan, ba tare da ka danna faifan da ƙarfi ba. Hawan Salla ka fita tare da mahaifinka, ko da ba za ka busa tun daga farko har ƙarshe ba, ka tsaya a gefensa a gan ka, ka karɓe shi in ya gaji. Wannan fitar ta fi masa duk wata magana da za ka faɗa. Turamfet kuma ta tsaya a 'yan mintocin gaban madubi har a gama hawa, sannan ka ba ta watanni biyun da suka rage. Daga nan gaba, in rana ɗaya za ka busa duka biyun, ka fara da turamfet da safe lokacin da leɓe ke da sabon ƙarfi, algaita da yamma, da awoyi a tsakani, kuma kada ka taɓa turamfet washegarin doguwar busar biki.

Gwajin kuma, ka gaya wa malaminka halin da ake ciki tun yanzu, kada ya ga ba ka zuwa ya ɗauka ka gudu. In lokacin ya zo sautukan sama ba su dawo ba, ka roƙi a sa ka a layin masu murya ta biyu ko ta uku, inda ba a hawa sosai, ko a ɗaga maka zuwa zagaye na gaba. Kada ka danne leɓe don ka ci gwajin yini ɗaya. Ka rubuto min bayan Salla in ji yadda leɓen ya yi da yadda kuka ƙare da Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya huci zuciyar mahaifinka, ka gaishe min da shi.